Yaron da Ya San Zanzibar Bai San Ruma Ba

Da zarar makarantu sun rufe a ƙarshen watan Yuli, sai hotuna su fara zuba a WhatsApp da Instagram: farin yashi, shuɗin ruwa, yara sanye da rigar iyo suna riƙe da kwakwa. Mahaifinsu likita ne a Abuja, ko ma'aikacin banki a Legas, ko darakta a wata ma'aikata. Ya ɗauki iyalinsa daga Kano, sun sauka Addis Ababa sun canja jirgi, sun wayi gari a tsibirin Zanzibar. Wani ya zaɓi Morishiyas, wani Maldibs, wani kuma tsibirin da aka ƙera da hannu a gaɓar Dubai. A takardar haihuwar da yawa daga cikin iyayen nan an rubuta Batsari ko Safana. Daga birnin Katsina zuwa Batsari kamar kilomita 50 ne. Yaron da ya ƙetare rabin nahiya don ya ga kunkurun teku bai taɓa taka waɗannan kilomitoci 50 ba, kuma babu wanda yake ganin abin a matsayin asara.

Asara ce, kuma babba. Hutun tsibiri a kan kansa ba laifi ba ne. Laifin yana wajen da aka mai da shi magajin wata tsohuwar al'ada, wato kai yara gida hutu, aka binne al'adar ba tare da an yi mata ko jana'iza ba. Wadda aka binne ɗin kuwa ita ce igiya ta ƙarshe da ta ɗaure masu faɗa-a-ji na birni da halin da ƙauyukansu suke ciki.

Abin da tsibiri yake sayarwa

Duk kamfanin da ke tallan hutun iyali ya san hajarsa. Ruwa da rana akwai su a wurare da dama. Abin da ya bambanta tsibiri shi ne katanga ce ta ruwa ta kewaye shi: ana sanin wanda ya shigo, ana sanin wanda ya fita. Uwa za ta iya barin ɗanta ya yi gudu a bakin teku har faɗuwar rana ba tare da gabanta ya faɗi ba. Uba zai kwana bai tashi tsakar dare yana sauraron ƙarar babur ba. Ga mutumin da ya fito daga arewa maso yammacin Nijeriya, wannan barcin shi ne ainihin abin da ya biya, yashi da kwakwa gyara ne kawai aka yi masa.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ɗaya ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024. A wannan lissafin, dala 1,000 ta zama Naira miliyan ɗaya da rabi, wato albashin wata 21 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Iyali mai mutum biyar ba za su je Zanzibar su dawo da dala 1,000 ba. Tikiti da masauki kaɗai sun ninka haka sau da yawa. Tun daga Oktoban 2024 ma hukumomin tsibirin sun wajabta wa kowane baƙo babba sayen inshorarsu ta dala 44. Ƙofar ma ba kullum take a buɗe ba: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza daga ƙarshen 2022 har zuwa tsakiyar 2024. Duk da haka ana biya, ana jure wulaƙancin layin biza, domin tsoro ya fi tsada ciwo.

Tsibiran da babu ruwa

A daidai watannin da ake wannan tafiya, damina ce a ƙasar Ruma. Lokacin noma ne, kuma lokacin da daji yake rufewa da ganye, 'yan bindiga su fi samun mafaka. Ƙananan hukumomin Batsari da Safana, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su sama da mutum 200,000 da sama da 180,000, suna jingine ne da Dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Zamfara ya kuma kusanci iyakar Nijar.

Abin da ya faru a wurin ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayun 2019 aka kashe mutane a 'Yar Gamji ta Batsari, har jama'ar gari suka ɗauko gawarwakin suka kawo cikin birnin Katsina domin mahukunta su gani da idonsu. A watan Fabrairun 2020 aka kai hari Tsauwa da Ɗankar, aka hallaka kusan mutum 30. A ranar 18 ga Afrilun wannan shekarar aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. A ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta kimiyya a Ƙanƙara, maƙwabciyar wannan daji ta kudu. A Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, ta rufe kasuwannin dabbobi, ta taƙaita sayar da man fetur da zirga-zirgar babura.

Wanda ya zauna a Wagini ko Runka a waɗannan watanni ya san ma'anar tsibiri fiye da kowane mai yawon buɗe ido. Ba waya, hanya sai da rakiya, gona mai nisan tafiyar rabin awa ta zama kamar wata ƙasa. Garin Batsari ya cika da mata da yara da suka baro ƙauyukansu, suna kwana a makarantu da kangwaye. Bambanci ɗaya ne: tsibirin Zanzibar ana shigarsa da zaɓi a fita ranar da tikiti ya nuna, na Ruma kuwa an wayi gari ne a cikinsa.

Saboda haka 'ya'yan dangi ɗaya suna yin hutunsu a tsibirai biyu. Kakansu ɗaya. Ɗaya yana koyon nutso da tabarau na roba, ɗayan ya koyi bambanta ƙarar babur ɗin ɗan acaɓa da ta ayarin da ke fitowa daga daji. Idan suka girma, ana sa ran na farkon ne zai zama kwamishina ko ɗan majalisa mai wakiltar na biyun.

Aikin da zuwa gida yake yi

Mutanen da suka yi makarantar boko a shekarun 1970 da 1980 sun san yadda hutun dogon zango yake. Ana saka yaro a mota da ƙunshin kaya, a sauke shi gidan kakanni. Zai bi 'yan uwansa gona, ya yi kiwon awaki, ya ci dafaffen rogo da ƙuli-ƙuli, ya hau duwatsun da ke bayan gari, ya kwana yana jin tatsuniya. Ya dawo birni da kaushi a ƙafa da sunayen dangi a kai.

Ana yawan tuna wannan da shauƙi, kamar wani daɗi ne da ya wuce. Amma aiki yake yi, aikin siyasa ma. Muddin ɗan babban sakatare yana kwana a Ruma wata guda a kowace shekara, to gadar da ta karye a hanyar matsalar babban sakatare ce. Asibitin da babu magani, nan za a kai ɗansa idan zazzaɓi ya kama shi. Ofishin 'yan sanda mai mutum biyar da mota ɗaya, shi ne ke tsaron jininsa. Ba sai an rubuta masa takardar koke ba, domin yana da abin da zai rasa.

Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1970 mai suna Exit, Voice, and Loyalty. Abin mamaki, Nijeriya ce ta ba shi hasken farko: ya lura cewa lalacewar jirgin ƙasan Nijeriya ba ta jawo matsin lambar gyara ba, saboda manyan 'yan kasuwar da ke da bakin magana sun koma ɗaukar kayansu a manyan motoci. Ka'idar mai sauƙi ce. Idan abu ya lalace, mutum ko dai ya tsaya ya yi ƙorafi har a gyara, ko ya fice. Waɗanda suka fi iya ficewa su ne waɗanda ake jin muryarsu, don haka ficewarsu tana ƙara jinkirta gyara. Haka aka yi da makarantar gwamnati, aka koma ta kuɗi. Haka aka yi da asibiti, aka koma Alƙahira da Indiya. Haka aka yi da ruwan famfo da wutar lantarki, kowa ya haƙa rijiyar burtsatse ya kafa sola. Hutun tsibiri shi ne mataki na ƙarshe a wannan jerin: an fice daga garin kansa.

Ruma ta taɓa zama bakin daga

Ba yau ƙasar nan ta fara kwana da ido ɗaya ba. Bayan da masu jihadi suka karɓi Katsina a 1807, zuriyar tsoffin sarakuna suka koma arewa suka kafa Maraɗi, yammacin Katsina ya zama fagen hare-hare na shekaru masu yawa, kuma ta cikin wannan dajin mahara suke ratsowa. Masanin tarihi Yusufu Bala Usman ya yi nazarin wannan zamani a littafinsa kan sauye-sauyen da Katsina ta shiga daga 1400 zuwa 1883. A irin wannan yanayi ne aka yi barade kamar Ɗanwaire, wanda har yau Rumawa ke tinƙaho da sunansa, kuma sarautar Sarkin Ruma, wadda hakimin Batsari ke riƙe da ita, gadon wancan zamani ce. Abin lura a tarihin shi ne masu sarauta da masu hali na lokacin suna zaune ne a cikin ganuwa ɗaya da talakawansu. Idan ganuwa ta rushe, ta rushe wa kowa, shi ya sa kowa yake fita gayyar gyaranta.

Daga baya hukuma ta keɓe dajin, ta kuma kafa makiyayar Ruma da Kukar Jangarai a zamanin da gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo ta 1965, da niyyar samar wa makiyaya ruwa da ciyawa da asibitin dabbobi. Da aka bar waɗannan abubuwa suka lalace, burtali ya zama gona, shari'a tsakanin manomi da makiyayi ta zama ciniki, satar shanu ta yi ƙamari, makamai suka shigo. Duk wannan ya ɗauki shekaru yana ruruwa a gaban idon 'yan bokon yankin, waɗanda a lokacin sun riga sun fara rage zuwa gida. Wuta ba ta tashi a dare ɗaya ba. Masu guga ne suka yi nisa.

Hujjojin masu tafiya

Uban da ya sayi tikitin Zanzibar yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Zai ce guminsa ne, bai saci na kowa ba. Zai ce babu mai hankalin da zai kai ɗansa inda za a sace shi a nemi fansar miliyoyi, kuma ɗan mai hali ma shi ne abin farauta na farko, zuwansa na iya jawo wa gidan kakansa bala'i. Zai ƙara da cewa tafiya mabuɗin ilmi ce.

Magana ta biyu gaskiya ce tsantsa. Babu wanda ya isa ya ce a jefa yaro cikin hatsari domin a nuna kishin gari. An yi sulhu a 2019 ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ya wargaje. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta kusan mutum 1,500 a Oktoban 2023. A 2025 an sake zaman sulhu a matakin al'umma a Batsari da Safana da Jibiya da wasu wurare. Ko an samu sauƙi, uba ne kaɗai zai yanke hukuncin ranar da hanya ta yi kyawun da zai bi ta da iyalinsa.

Amma rashin iya zuwa daban, daina damuwa da zuwa daban. Wanda aka hana shi gidansu ya kamata a ga alamar zafin hanin a tare da shi: yana tambaya, yana matsa wa wakilinsa, yana halartar taron ƙungiyar ci gaban garinsu, yana ƙirga watannin da suka wuce bai je ba. Abin da ake gani a wurin da yawa sabanin haka ne. An sami madadin da ya fi daɗi, an huta. Yaro ya tambayi ina ne garinsu, a ce masa wani wuri ne mai hatsari, a rufe zancen. A haka ake renon mutumin da sunan Ruma ba ya motsa masa komai sai tsoro da ƙyama.

Maganar gumi kuwa, halal ɗin kuɗi ba ya sauke haƙƙin zumunci. Yawancin waɗannan ƙwararru an yi musu karatu ne da harajin manoman da yau ake karɓar kuɗi a hannunsu kafin a bar su su girbe gonarsu.

Akwai kuma wata amsa ta daban da ake ji daga bakin jami'ai: a bunƙasa yawon buɗe ido na cikin gida, a gina wurin shaƙatawa a bakin dam, a mai da Rugu gandun namun daji. Wannan sa keke gaban doki ne, ko a ce ɗaura sirdi kafin a sayi dokin. Zanzibar ta karɓi baƙi sama da 600,000 a 2023 ne saboda mazaunanta da kansu suna iya kwana lafiya. Wurin da manomi ba ya iya zuwa gonarsa ba zai zama wurin hutun kowa ba, komai kyawun takardar talla.

In ma tsibiri za a je

Hujjar ilmi tana tsayawa ne idan an nemi ilmin. Mako guda a cikin otal mai katanga, daga ɗaki zuwa wurin iyo zuwa wurin cin abinci, ba ya koya wa yaro komai sai cewa duniya wuri ne da baƙaƙen mutane masu murmushi ke kawo masa lemo. Alhali tsibiran nan cike suke da darasi ga ɗan Bahaushe.

A Zanzibar akwai tsohon gari na dutse wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, kuma a cikinsa akwai wurin kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Yaro ɗan shekara 12 zai iya tsayawa a wurin a gaya masa cewa sace mutum a sayar da shi, ko a nemi kuɗi kafin a sake shi, tsohuwar cuta ce, kuma ana yin irinta yau a garin kakansa. Tsibirin Gore da ke gaban Dakar, wanda ya shiga jerin UNESCO tun 1978, yana ba da wannan darasin, ga shi kuma a Afirka ta Yamma. A Morishiyas akwai dutsen Le Morne, inda bayin da suka tsere suka riƙa ɓuya. Tsibirin da ya fi kowanne kusa da tarihin Hausawa shi ne Sawakin a gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, inda alhazan ƙafa daga ƙasar Hausa suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda bayan tafiyar shekaru, kafin a gina Fot Sudan a farkon ƙarni na 20. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa ba wurin kai yara ba ne yanzu, amma labarinsa na kowane gida ne.

Arewa ma tana da nata tsibiran. Hausawa suna kiran tsibirin kogi gungu, daga nan aka samo sunan Gungawa na ƙasar Yawuri, waɗanda ruwan dam ɗin Kainji ya tashi da yawansu daga mazauninsu a 1968, lokacin da aka sake wa sama da mutum 40,000 matsuguni. Tafkin Cadi yana da ɗaruruwan tsibirai, mazaunin Buduma, waɗanda yau mayaƙan Boko Haram da ISWAP suka mai da da yawansu sansani. Yaron da ya san waɗannan zai gane cewa ruwa ba ya tsare kowa. Hukuma mai aiki da jama'a masu sa ido su ke tsarewa.

Abin da ya rage a hannu

Tsakanin kai yaro bakin Dajin Rugu da mantawa da Ruma gaba ɗaya akwai fili mai faɗi. Birnin Katsina yana da filin jirgin sama. Iyalin da suka iya kwana bakwai a Nungwi za su iya kwana huɗu a Katsina, a ɗauko kaka da 'ya'yan baffa daga Batsari ko Safana su zo a zauna tare. A kai su duka hasumiyar Gobarau, da gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, da rijiyar Kusugu a Daura, da kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Yaron Abuja ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan uwansa na Runka, ya ji daga bakinsa dalilin da ya sa makarantarsu ta yi zango biyu a rufe. A kunna waya a naɗi muryar kaka tana lissafa sunayen kakanni da gonaki da unguwanni, domin wasu ƙauyukan da take ambata babu kowa a cikinsu yanzu, kuma idan ta rasu sunayen sun tafi.

Sannan a yi lissafi na gaskiya. Kashi ɗaya cikin goma na kuɗin hutun tsibiri guda zai biya wa yaran dangi da dama kuɗin jarrabawar WAEC da NECO. Ƙwararru ashirin daga gunduma ɗaya, lauya da likita da akanta da ɗan jarida, idan suka haɗa kai za su iya bin diddigin kuɗin da ke shiga ƙaramar hukumarsu duk wata, su nemi a bayyana sharuɗɗan kowane sulhu da aka ƙulla da sunan iyayensu, su tsaya wa wanda aka zalunta, manomi ne ko makiyayi, a gaban kotu. Wannan ita ce gayyar gyaran ganuwa ta wannan zamani, kuma ba ta buƙatar kowa ya kwana a daji.

Wata rana yaran nan za su nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, domin shiga jami'a ko samun aikin gwamnatin tarayya a gurbin Jihar Katsina. Za a rubuta musu Batsari ko Safana, su ci gajiyar sunan. Ya kamata kafin ranar su iya faɗin sunan mutum biyar da ke raye a can, su san abin da mutanen suka ci jiya da dare, su kuma san ko sun kwana a gida.